Ƙari a Mama: Tambayoyi da Amsoshi ga Likitoci Kan Wuraren da Gwajin Tsoka Ke Rikitarwa

Waɗannan tambayoyi ne da abokan aiki suka saba yi mini a matsayina na likitan fatoloji, wato mai duba tsoka a madubi, likitocin tiyata da na mata da na asibitocin gari, wasu a waya, wasu a bakin ƙofar ɗakin gwaji da takardar sakamako a hannu, mara lafiya kuma tana zaune a waje tana jira. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Gajerun haruffa irin su DCIS (kansar da ke cikin bututun nono, ba ta fasa ta shiga nama ba) da HER2 (sinadarin da kan yi yawa a wasu ƙwayoyin kansa ya sa su saurin girma) na bar su yadda suke, tunda a haka za ku gan su a takarda.

Na taɓa ƙari mai tauri, sikanin ya nuna alamar kansa, amma sakamakon allura ya ce ba a ga komai ba. Wanne zan kama?

Kada ka kama ko ɗaya tukuna. A ƙarin mama shaidu uku ake saurare: abin da hannu ya ji, abin da hoto ya nuna, da abin da aka gani a tsokar da aka gutsuro. Idan bakinsu ya zo ɗaya, da wuya a yi kuskure. Idan ɗaya ya saɓa, wanda ya fi muni ake ɗauka har sai an warware saɓanin.

Ka tuna girman abin da ke isowa gare mu. Allurar gutsuro tsoka mai lamba 14 kaurinta milimita 2 ne da ɗan kai, abin da take fitarwa kuwa kamar guntun taliya yake. Daga ƙarin da ya kai lemon tsami, iyakar abin da muke gani ke nan. Allura takan zame gefe ta ɗebo kitse, ko ta faɗa tsakiya inda nama ya riga ya mutu. Shi ya sa a babban ƙari gara a ɗebo daga gefe, kuma a ɗebo gutsure uku ko huɗu.

Sannan a karanta lambar da kyau. A tsarin Birtaniya, B1 nama ne lafiyayye ko wanda bai isa a yi hukunci da shi ba, B2 ciwo ne amma ba kansa ba, B3 abin da ba a tabbatar da halinsa ba, B4 ana zargi, B5 kansa. Da yawa suna ɗaukar B1 albishir ne, alhali sau da yawa ma'anarsa an kuskure ƙarin. Idan likitan hoto ya rubuta BI-RADS 5, yana nufin yiwuwar kansa ta kai kashi 95 cikin 100 ko fiye. B1 ko B2 a kan irin wannan hoto na nufin a maimaita, wannan karon ana kallon allurar ta sikanin, ko a ciro ƙarin a kawo.

Siririyar allura ta fi araha kuma ana samun amsa a ranar. Me ya sa kuke nacewa a kan mai kauri?

Siririyar allura ƙwayoyin halitta take tsotsowa a warwatse. Muna ganin kamanninsu, ba ma ganin yadda suke zaune. Don haka ba za ta faɗa maka ko kansar tana cikin bututun nono har yanzu ko ta fasa ta shiga nama ba, kuma wannan bambancin ne ke yanke hukuncin abin da za a yi wa kaluluwar hammata da batun kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa.

Ba na cikin masu cewa a jefar da ita. Tana da amfani a ƙari mai ruwa, da kaluluwar hammata, da garin da babu wata hanya. Tsarin Yokohama, wanda ya ɗauki sunan birnin Japan inda aka soma tsara shi a 2016, ya kasa sakamakonta gida biyar: bai isa ba, ba kansa ba, akwai ɗan sauyi, ana zargi, kansa. Na uku da na huɗu ba su halatta cire mama ba.

Inda take yaudara sananne ne. Mai juna biyu ko mai shayarwa ƙwayoyin nononta kan kumbura su yi kama da na kansa, haka ma wurin da kitse ya mutu bayan bugu ko tsohuwar tiyata, da maman da aka taɓa gasa wa ƙari da hasken radiyeshin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kansa mai tauri ko ta lobula, wato wadda ke tasowa daga jakunkunan da ke samar da nono, takan ba da ƙwayoyi ƙalilan masu kamar salihai. Idan tana goyo, don Allah a rubuta.

Kullum kuna ƙorafi a kan fomalin, ruwan da ake ajiye nama a ciki don kada ya ruɓe. Da gaske yana canja sakamako?

Yana canjawa fiye da duk wani abu da ke wannan shafin. Tun ran gini tun ran zane.

Da zarar an yanke nama daga jiki ya soma narkewa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, da ta likitocin fatoloji, CAP, suka fitar ita ce: kada a wuce awa 1 tsakanin cire nama da shigarsa fomalin, fomalin ya zama mai kashi 10 cikin 100 wanda aka daidaita tsaminsa, naman kuma ya zauna ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Ruwan ya ninka naman sau goma. Abin da ake yawan mantawa shi ne fomalin ratsa nama yake a hankali, kimanin milimita 1 a awa, yana ƙara nisa yana ƙara nawa, kitse kuma yana tare shi. Idan aka jefa mama sukutum cikin bokiti, fatar waje za ta kamu, ƙarin da ke can ciki kuwa ya kwana biyu yana ruɓewa cikin zafinmu.

An taɓa kawo mini mama da aka dandanna cikin robar da ba ta kai ta ba, ruwan ko rabi bai rufe ba, ɗan'uwan mara lafiyar ya ɗauko ta a motar haya bayan ta kwana uku a gida ana haɗa kuɗin gwaji. Na iya cewa kansa ce. Ban iya ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa ba, ban iya tabbatar da ko ta shiga hanyoyin ruwan jiki ba, gwajin ER kuma, wato rinin da ke nuna ko kansar na jin homon estrogen, ya fito fari fat, har da lafiyayyun bututun da ya kamata su kama launi. Likitan ya yi tiyata mai kyau, amma rabin bayanin ya lalace a hanya.

Idan ɗakin gwaji na kusa, a kawo naman nan take. Idan sai ya yi tafiya zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato, a shafa wa gefunansa tawadar da ba ta wankewa, a yanka shi daga ƙasa kamar burodi, kowane yanki kimanin santimita 1, a bar fatar ta riƙe su, a sa a mazubi mai faɗin baki. Ban da ruwan gishiri, ban da sifirit, ban da firiza. A rubuta lokacin da aka cire da lokacin da ya shiga fomalin.

To gaskiya ne yawancin kansar mama a matanmu ba ta jin maganin homon?

A nan sai an yi hattara. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ke cikin jagororinsa, ya duba mata 507 daga Najeriya da Senegal, ya sami ER a kashi 24 cikin 100 kacal. Shekara guda kafin nan, binciken Farfesa Clement Adebamowo a Ibadan ya sami kusan kashi 65. Tazarar ta yi yawa a ce duka halitta ce. Wani nazari da ya tattara rahotannin Afirka a 2014 ya nuna cewa inda aka tattara nama da gangan don bincike, aka kula da shi tun farko, an fi samun ER a kan inda aka tono tsofaffin samfura daga ma'ajiya.

Duka biyun gaskiya ne. Kansar da ba ta da ER, ba ta da PR (irin ER ne, amma na homon progesterone), ba ta da HER2, ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma da zuriyarsu a kan Turawa. Amma wani kaso na "babu ER" da ke takardunmu fomalin ne ya rubuta shi. Asarar kuwa babba ce: an hana mace tamoxifen, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ake sha shekara biyar zuwa goma, wadda ke rage dawowar ciwon sosai.

Abu biyu za su taimake ka. Ka nemi a yi gwajin ER da PR da HER2 a kan gutsuren allura, domin shi ƙarami ne, fomalin na kama shi da wuri. Idan kuma sakamako ya ce babu ER, ka duba ko an rubuta cewa lafiyayyun bututun da ke gefe sun kama launi. Idan su ma ba su kama ba, gwajin ne ya faɗi. Haka nan idan kansar mai daraja ta ɗaya ce, wato wadda ƙwayoyinta suka fi kama da lafiyayyu, ko ta lobula, ko mai majina, aka ce ba ta da ER, ka yi shakka, domin irin waɗannan kusan kullum suna da shi. Iyakar da ake bi kafin a ce akwai ER ita ce kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin kansar su kama launi, daga 1 zuwa 10 kuma tun 2020 ana rubuta shi a matsayin mai rauni.

Likitan fatoloji ɗaya ya ce ADH (cunkoson ƙwayoyi masu ɗan sauyi a cikin bututu, wanda bai kai kansa ba), wani ya ce DCIS, a kan gilashin samfuri ɗaya. Wani bai iya aiki ba ne?

Ba lallai ba. A ƙarƙashin madubi ƙwayoyin ADH da na DCIS mai ƙaramar daraja iri ɗaya ne: ƙanana, masu kama da juna kamar an buga su a inji ɗaya, suna barin ramuka zagayayyu kamar rariya. Abin da ya raba su yawa ne. David Page ya ce sai sun cika bututu biyu kafin a kira su DCIS. Tavassoli da Norris a 1990 suka ce sai faɗinsu ya wuce milimita 2. Iyaka ce da mutane suka shata, ciwon bai san da ita ba.

A 2015 mujallar JAMA ta buga binciken Joann Elmore da abokan aikinta: likitocin fatoloji 115 a Amurka suka duba samfura daga cikin 240, aka gwada amsarsu da ta ƙwararru uku. A kansar da ta fasa ta shiga nama sun dace kashi 96 cikin 100. A DCIS kashi 84. A ADH da danginsa kashi 48. Wato a ƙasar da ke da kayan aiki, wajen rabin lokaci ba a yi baki ɗaya ba. Darasin da nake ɗauka shi ne sakamakon da ya ce kansa ce ƙarara abin dogaro ne, tsakiyar ce ke da santsi.

A aikace, ADH a gutsuren allura B3 ne, sai an ciro wurin gabaɗaya, domin ba kasafai allura ke nuna iyakar faɗinsa ba, kuma wani lokaci DCIS ko kansa na maƙwabtaka da shi. Idan an ciro bai wuce ADH ba, matar ba ta da kansa, amma haɗarinta ya ninka sau huɗu zuwa biyar, kuma a kowanne daga cikin maman biyu. Bibiya take buƙata. Akwai kuma cunkoson ƙwayoyi na yau da kullum, wanda ba shi da wannan haɗarin. Rinin CK5/6 kan raba gardama, domin cunkoson yau da kullum yana kama rinin dabbare-dabbare, ADH kuwa ba ya kamawa.

Me ya sa ake neman ƙarin kuɗi da ƙarin kwanaki don rinin p63?

Kama da wane ba ta wane. Lafiyayyen bututu yana da zobe na biyu a waje, na ƙwayoyi masu matse nono. Kansar da ta fasa ba ta da wannan zoben. Akwai ciwukan da ba kansa ba waɗanda ke murɗe bututu cikin tabo har su yi kama da kansa a hoto, a hannu, da a madubi; tabo mai kama da tauraro shi ne ya fi shahara, yana kwaikwayon kansar tubula, wadda ke yin ƙananan bututu. Rinin p63 ko calponin ko myosin na nuna ko zoben yana nan. Haka ma ƙarin da ke tsiro cikin bututu kamar reshe, wanda kan sa jini fita ta kan nono: zoben ne ke raba mai lafiya da mugu. Kwana uku na jira sun fi cire maman da ba ta da laifi. Akwai togaciya guda, ciwon da ake kira adinosis mai ƙananan ƙofofi, wanda ba shi da zoben kuma ba kansa ba ne, amma da wuya ka gamu da shi.

Sakamako ya ce "faiburo'adinoma ko filodis, ba a iya rabewa". Ba gudun hukunci ba ne wannan?

Gaskiya ce aka faɗa maka. Faiburo'adinoma ƙari ne da ba kansa ba, filodis kuwa yana iya zama salihi ko mugu, amma dangi ne, har sauyin ƙwayar gado ta MED12 ana samu a duka biyun. Filodis, wanda Johannes Müller ya raɗa wa suna a 1838 saboda tsagoginsa masu kama da ganye, bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin mama ba, kuma ba ɗaya yake ko'ina ba: wani gefe salihi, wani gefe mugu. Allura gefe ɗaya take gani. Ana kasa shi uku ta duban cunkoson ƙwayoyi, da yanayin gefensa, da yawan masu rabuwa: ƙasa da 5 a fili goma na madubi, 5 zuwa 9, sai 10 zuwa sama.

Hannunka ya fi madubina amfani a nan. Yarinya 'yar shekara 19 da ƙari mai santsi da ke gudu ƙarƙashin yatsa, faiburo'adinoma ne kusan kullum. Mace 'yar 45 da ƙarin da ya wuce santimita 3, yana girma cikin watanni, ko "faiburo'adinoma" da aka cire ya dawo wuri ɗaya, filodis ne har sai an tabbatar da akasin haka. A cire shi da lafiyayyen nama kewaye, kada a ɓare shi kamar ƙwai. Ba a share hammata dominsa, domin mugunsa ta jini yake bi, galibi zuwa huhu. A kula kuma da 'yammata masu tasowa da kan zo da ƙaton faiburo'adinoma mai saurin girma. Girmansa na firgitarwa, amma ba dalilin cire mama ba ne.

Mamogiram bai nuna komai ba, babu ƙari takamaimai, sai dai wuri ya yi kauri. In sallame ta?

A'a. Wannan halin kansar lobula ne, wadda ke kusan ɗaya cikin goma na kansar mama. Ta rasa E-cadherin, sinadarin da ke manne ƙwayoyi da juna, don haka ba ta dunƙulewa. Jerin gwano take yi cikin nama. Hoto kan kuskure ta, girman ta kan wuce yadda aka zata, kuma a madubi ƙwayoyinta kan saje da na kumburi har sai an yi rinin keratin. Takan bayyana bayan shekaru a tumbi ko hanji ko ƙwan mace, a ɗauka sabuwar kansa ce ta can. Idan kana aiko da gutsuren tumbi na matar da aka taɓa cire wa mama, ka faɗa mana, ko da shekara goma ne.

Mama ta yi ja, ta kumbura, tana zafi. Yaushe zan daina ba da maganin ƙwayoyin cuta?

Idan mako ɗaya zuwa biyu ya wuce ba sauƙi, a gutsuro, har da fata. Idan ba ta shayarwa, zargin ya soma tun ranar farko. Duk ƙurjin da aka fasa, a aiko da ɗan bangonsa, kada a tsaya ga mugunya.

Abubuwa uku ke ɓuya a nan, maganin kowanne kuma na iya cutar da mai ɗayan. Na farko kansa mai kumburi: ja da kumburin da ya kai sulusin mama, fata kamar ɓawon lemo, cikin ƙasa da wata shida. Ido da hannu ke gane ta. Ganin ƙwayoyin kansa a hanyoyin ruwan fata yana ƙarfafa zance, rashin ganinsu bai kore shi ba. Da kemo ake fara mata, wuƙa daga baya.

Na biyu tarin fuka na mama, wanda likitan tiyata na Landan Astley Cooper ya bayyana tun 1829. A Landan abin mamaki ne yanzu, a wurinmu kuwa dole ya kasance cikin lissafi, musamman idan akwai ƙofofi masu tsiyaya da kaluluwa. Rinin Ziehl-Neelsen, wanda ake neman ƙwayar tarin fuka da shi, sau da yawa ba ya nuna ƙwayar ko tana nan. A nan ne kaɗai zan roƙe ka ruwan gishiri: ka raba naman biyu, ɗaya a fomalin, ɗaya a ruwan gishiri mai tsabta don gwajin tarin fuka na GeneXpert da shuka ƙwayar, tunda fomalin kashe ta yake.

Na uku kumburin da Kessler da Wolloch suka bayyana a 1972, mai kama mata 'yan shekaru bayan haihuwa, wanda a madubi yake kama da tarin fuka amma ba shi ba ne. An danganta wani nau'insa da ƙwayar Corynebacterium kroppenstedtii. Sau da yawa da sitiroyid ake maganinsa, sitiroyid kuwa a jikin mai tarin fuka fetur ne a wuta. Kada a fara sai an kore tarin. Idan an yi mata tsaga ko sakiya ko an ɗaura magani kafin ta zo, a rubuta, domin waɗannan ma suna barin kumburin da ke rikita mu.

Kan nono ɗaya na saɓa yana ƙaiƙayi, man shafawa bai yi ba.

Ciwon Paget ne, wato ƙwayoyin kansa a fatar kan nono, har sai an kore shi. James Paget ya bayyana shi a 1874. Daga kan nonon yake farawa ya bazu, gefe ɗaya, kuma galibi akwai DCIS ko kansa a ƙarƙashi. A gutsuro fatar, a yi hoto ko da ba a ji ƙari ba.

HER2 ya fito 2+. Akwai ko babu?

Ba a sani ba tukuna. 3+ akwai, 0 da 1+ babu, 2+ sai an yi gwajin ƙirga ƙwayar gado, irin su FISH. Kada a sa iyali su sayar da gona don trastuzumab, maganin kansa mai HER2, a kan 2+ da ba a tabbatar ba, kada kuma a hana ta shi ba a gwada ba. Tun gwajin magani na DESTINY-Breast04 na 2022 bambancin 0 da 1+ ya soma yin tasiri a kansar da ta bazu, kuma nan ma wuri ne da idanunmu ke yawan saɓawa.

Tunda muna kan lambobi: daraja daban, mataki, wato nisan da kansar ta yi a jiki, daban. Darajar Nottingham ta Elston da Ellis, 1991, maki ne daga 3 zuwa 9 a kan kamannin ƙwayoyi. Na sha ganin mara lafiya ta karanta "daraja ta 3" ta ɗauka mataki na 3 ne. Allura kuma takan rage daraja, don haka kada ka yi mamaki idan ta hau bayan tiyata.

Me kuke so a rubuta a takardar aike, kuma yaushe zan nemi wani ya sake dubawa?

Shekaru, gefen dama ko hagu, wurin ƙarin da girmansa, tsawon lokacinsa, abin da hoto ya ce, ciki ko goyo, tsohuwar tiyata ko gashi, da ko ta sha kemo. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin kemo kan narkar da ƙari har mu rasa inda yake idan ba a nuna mana ba. "Ƙari a mama" kaɗai ba bayani ba ne. A sa zare a naman, gajere a sama, dogo a gefen hammata, a rubuta haka. In ba haka ba zan ce maka kansa ta taɓa gefe amma ba zan iya cewa wane gefe ba.

Ka nemi ido na biyu idan sakamako ya saɓa wa hannu da hoto, idan an ce ADH ko DCIS mai ƙaramar daraja, ko filodis, ko wani suna da ba ka saba ji ba, da duk lokacin da za a cire mama a kan gutsure ɗaya ƙarami. Likitan fatoloji na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, mu ma muna miƙa wa juna gilashi. Abin da za a aika shi ne gilasan da dunƙulen kakin da naman ke ciki, tare da sakamakon farko da na hoto. Takarda kaɗai ba ta isa a sake hukunci ba. A gaya wa 'yan'uwan mara lafiyar su ajiye dunƙulen a inuwa, kada su bar shi a mota da rana, domin kaki ne, narkewa yake.